An Manta Da Hafizu A Ɗaki

"Baffa ya ce a'a."

Khaula ce ta faɗi haka, tana tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gidansu a Toranke, tana goge ido da bakin hijabi. Hafizu, wanda ya taso tun daga Gaya a adaidaita sahunsa da ledar lemo da ayaba, ya ajiye ledar. Ya waiga ya dubi abokinsa Maiwada tela, wanda ke zaune a bayan keken yana ɓare gyaɗa.

"Maiwada, ka ji?"

"Na ji. Ai kullum ina ji. Zancen nan naku har na haddace shi."

"To ai ita ce matsalar!" Khaula ta ce, kuka na neman ƙwace mata. "Baffa ya ce shi har yau bai san wanne ne mai neman auren a cikinku ba. Kullum mutum biyu yake gani, ɗaya na magana, ɗaya na cin gyaɗa."

Bari in gaya wa mai karatu wane ne Hafizu, don kada a ɗauka rago ne. Saurayi ne dogo mai faɗin ƙirji, wanda zai ɗaga buhun gero ya ɗora a keke bai ce a kama masa ba. Ba ya tsoron kare, ba ya tsoron maciji. Abu ɗaya yake tsoro a duniya: ya waiga ya ga babu kowa. Da zarar ɗaki ya zama daga shi sai shi, sai zuciyarsa ta hau bugu, gumi ya karyo masa, ya ji kamar bango na matsowa.

Shi ya sa ya zaɓi tuƙin adaidaita, sana'ar da ba a rabuwa da mutane. In babu fasinja, kyauta yake ɗauka. Tsofaffin Gaya sai sa masa albarka suke yi, suna cewa yaron nan akwai tausayi. Wanka ma sai ya tsayar da wani a bakin banɗaki yana ba shi labari. Kakarsa ta yi masa hayaƙi, ta ba shi rubutu, har wajen mai ruƙiyya ta kai shi. Da malamin ya gama karatu sai ya ce a bar shi a ɗaki ya ɗan huta. Kafin malam ya kai zaure, Hafizu ya riga shi fita.

"Wa ya gaya wa Baffa ba na iya zama ni kaɗai?" Hafizu ya tambaya.

"Yaya Kamalu."

Kamalu ɗan wan Baffa ne, makiyayi, wanda yake kora shanu kudu ya yi watanni a daji daga shi sai sandarsa. Ya daɗe yana son Khaula, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

"Baffa ya ce ba zai yi mini dole ba," ta ci gaba, "in ba na son Yaya Kamalu in bar shi. Amma ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ba ya iya tsayawa wuri ɗaya ba. Ya ce ran da na kwanta ciwo, gida daga ni sai kai, na kasa magana, gudu za ka yi ka bar ni?"

Nan Hafizu ya zauna a ƙasa daɓas. Hawaye suka zubo masa, shi da ya zo rarrashi.

"Khaula, ban taɓa gaya miki ba. Ina ɗan ƙarami innata ta kwanta ciwo. Da damina ne, kowa ya tafi gona, aka ce in zauna da ita. Muna hira sai ta yi shiru. Na yi ta kiranta, Inna, Inna, ba ta amsa ba. Na zauna riƙe da hannunta har 'yan gona suka dawo da yamma. Tun daga ranar, in ɗaki ya yi shiru, wancan ɗakin nake komawa."

Khaula ta fashe da kuka. Maiwada ma ya ajiye gyaɗarsa.

"Me ya sa ba ka faɗa ba tuntuni?"

"Wane namiji ne zai faɗa? Gara a ce ina da aljanu."

"Ba ka da aljani ko ɗaya." Ta share hawaye, muryar ma'aikaciyar lafiya ta dawo mata, don a wani ƙaramin asibiti take aiki a Ajingi. "Na tambayi likitan da yake zuwa wajenmu, ban faɗi sunanka ba. Ya ce ciwo ne sananne, kuma ba ragonci ba ne. Jikinka ne ya koyi firgita, ana kuma iya koya masa wani abin daban, amma a hankali. In tsoron ya taso, kada ka gudu. Ka ja numfashi, ka sake shi sannu-sannu. Ka mai da hankalinka kan abin da ke hannunka. Zai hau, ya hau, sannan ya sauka da kansa. Kai dai ba ka taɓa tsayawa ka ga saukarsa ba."

"Ba zan kira ki a waya ba in ya taso?"

"Ta taɓa yi maka magani?"

"A'a," ya ce. "Waya ba ta numfashi."

"To ka saurara. Na roƙi Baffa har ya yarda da abu ɗaya. Ranar Asabar ta sama, bayan azahar, mai neman ya zo ya gaishe shi. Shi kaɗai."

"Shi kaɗai wa?"

"Kai mana, Hafizu!"

* * *

A shagon ɗinkin Maiwada aka buɗe makaranta. Tsarin mai sauƙi ne: Maiwada zai fita, Hafizu zai zauna.

Ranar farko Maiwada bai gama tsallake kwatar ƙofar shago ba, sai ga Hafizu a bayansa riƙe da almakashi.

"Ka manta wannan."

"Ƙosai zan saya. Me zan yanka a ƙosai?"

Washegari ya biyo shi da allura. Rana ta uku Maiwada ya kwashe komai ya kulle a akwati, sai Hafizu ya fito ya ce yana so ya tabbatar ne ko hadari ya haɗu. Amma a hankali abin ya fara zama. Ya zauna har Maiwada ya sayo ƙosai. Ya zauna har ya sha shayi. Ana gobe Asabar kuwa ya zauna har Maiwada ya yi aski ya dawo, ya same shi jiƙe da gumi yana lissafa maɓallan rigar wani alhaji.

"Ka yi ƙoƙari," in ji Maiwada. "Saura in koya maka ladabi. Gidan Fulani za ka, mutanen kunya. Za su kawo maka fura a babbar ƙwarya, don girmamawa. Ludayi biyu za ka yi, ka rufe, ka ture gefe. Kada ka kuskura ka wuce haka, za su ce an kawo musu mayunwaci."

"Wannan ai da sauƙi. Muna hira ina ɗan kurɓa."

"Hira da wa? Suruki ba ya cin abinci a gaban surukai. Ajiye maka za su yi, kowa ya fita, don kada ka ji kunya."

Hafizu ya zaro ido.

"Ni ai ba na jin kunya! Ka gaya musu ba na jin kunya!"

"Wannan kuma in ka faɗa, ko ƙofar gidan ba za ka ƙara gani ba."

* * *

Ranar Asabar Maiwada ya raka shi har bakin garin Toranke, ya sauka ya tari mai mashin.

"Ɗinkin biki ne da ni. Daga nan kai da Ubangijinka."

Baffa Bubayero dattijo ne siriri, mai farin gemu, wanda ba ya ɓarnar magana. Ya karɓi gaisuwar Hafizu a zaure yana kallon wani gefe, kamar yadda ya dace. Ya tambayi mutanen Gaya, ya tambayi damina. Sannan ya leƙa bayan Hafizu.

"Ina mai gyaɗar?"

"Ya koma, Baffa."

"To ashe kai ne."

Aka kai shi ɗakin baƙi da ke jikin zaure. Tabarma ce sai buta, sai 'yar taga a sama. Goggo Adama, ƙanwar Baffa, ta shigo da ƙwarya wadda sai da hannu biyu ta ɗauko ta, ta dire, ta ɗora ludayi a kan faifai, ta fita ba ta dube shi ba.

"Ka zauna nan har in aiko a kira ka," in ji Baffa. Ya saki labule.

Da farko abin bai yi tsanani ba. Ana daka a cikin gida, yara na rigima, wata mata na yi wa kaza faɗa. Hafizu ya kasa kunne yana jin daɗinsu kamar rediyo. Har ya fara cewa a ransa, ashe abin ma ba wuya.

Sai ya ji ihu daga waje. Wani ya shigo da gudu yana magana da Fulatanci, harshen da Hafizu bai san komai a cikinsa ba sai gaisuwa. Taɓarya ta tsaya. Ƙafafu suka yi ta wucewa ta zaure, manya da ƙanana, har da muryar Khaula a ciki. Aka buga ƙyaure.

Daga nan gidan ya yi tsit.

Abin da Hafizu bai sani ba shi ne, farar saniyar Baffa, wadda yake ji da ita fiye da duk garken, ta maƙale a taɓon kududdufin bayan gari, ga ta da tsohon ciki. Gidan kaf aka tafi, maƙwabta ma suka bi. Babu wanda ya tuna an ajiye baƙo.

Shi kuwa Hafizu ya ɗauka cikin jarrabawar ne.

"Kai, mutanen nan ba su da imani," ya ce a hankali. "Har da kwashe yara?"

Zuciyarsa ta fara. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya gangaro cikin sabuwar shaddar da Maiwada ya ɗinka. Bango ya matso. Ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba, hannunsa har ya kama labule. Ga zaure, ga ƙofa, ga kekensa a gindin darbejiya. Taku kaɗan ne.

Sai maganar Baffa ta faɗo masa: gudu za ka yi ka bar ta?

Ya saki labulen. Ya koma ya zauna.

"To ka zo," ya ce wa tsoron. "Sannu da zuwa. Na san ka, ka san ni. Yau dai tare za mu zauna."

Khaula ta ce ya mai da hankali kan abin da ke hannunsa. Ya duba hannunsa, babu komai. Ya duba ɗakin, babu maɓalli, babu almakashi. Ƙwarya ce kawai.

Ya ɗaga faifai. Ya ja numfashi, ya ɗebo ludayi ɗaya, ya kurɓa, ya saki numfashin sannu-sannu. Furar akwai sanyi, ga nono mai kauri, ga ɗan yajin citta a ƙarshe. Ya sake ɗebowa. Ya tuna gargaɗin Maiwada, ya rufe, ya ture gefe. Nan take bangon ya sake matsowa.

Ya jawo ƙwaryar.

"Maiwada, ka yi haƙuri," ya ce.

Tsoron ya hau. Ya hau har Hafizu ya ga wancan ɗakin na Gaya, da gadon kara, da hannun innarsa a cikin nasa. Ya yi kuka sosai, irin wanda bai taɓa yi ba tun yana yaro, yana kuka yana kurɓa. A cikin kukan ne wani abu ya zo masa wanda bai taɓa tunawa ba: ranar ma ai bai gudu ba. Ƙofa a buɗe take, yana ɗan ƙarami, amma ya zauna da ita har yamma.

Ya yi mata addu'a. Ya sake jan numfashi.

Can sai ya lura yana jin kukan kurciya a kan darbejiya. Bugun zuciyar ya ragu. Bango ya koma inda magini ya ajiye shi. Ashe da gaske yana sauka! Bai gama murna ba tsoron ya sake tasowa, amma wannan karon bai kai na farko ba. Hafizu ya gyara zama, ya ɗauki ludayi.

* * *

A bakin kududdufi kuwa sai da aka sha wuya. Kamalu ne ya shiga taɓo har ƙugu ya ɗaura igiya, maza suka ja, mata na salati, saniya ta fito tana nishi. Kamalu ya fito yana taku ɗai-ɗai, yana satar kallon Khaula ko ta gani.

Ana cikin yi wa Baffa barka aka kira sallar la'asar. Goggo Adama ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Baƙo!"

Aka dubi juna. Kamalu ne ya fara dariya.

"Wane baƙo? Ai yanzu ya kai Gaya, in ma bai wuce ta ba."

Khaula ba ta tsaya jin sauran ba. Ta kwasa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, hawaye na zuba. Mutumin da iyakar ƙoƙarinsa tsawon aski ne, an bar shi tun azahar a gidan da ko kaza ta fita! Ta san ya tafi, kuma ba ta ga laifinsa ba. Abin da yake ƙona mata rai shi ne ba za ta iya fahimtar da Baffa ba.

Ta shawo kwana. Keke na nan a gindin darbejiya.

Ta tsaya a bakin labule, ta kasa ɗagawa.

"Hafizu?"

"Na'am," aka amsa daga ciki, da wata irin murya mai nauyi. "An aiko ne?"

Ta ɗaga labulen. Yana zaune ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu, shadda ta jiƙe sharkaf, idanu sun yi ja, ciki ya yi tulu. Ta durƙushe a bakin ƙofa tana kuka tana dariya.

"Ka zauna! Wallahi ka zauna!"

"Yana sauka, Khaula. Na ga saukarsa da idona."

Sai ga Baffa da Goggo Adama da Kamalu, duk taɓo a ƙafafunsu. Hafizu ya yunƙura zai durƙusa, abin ya zo masa da wuya. Goggo ta sunkuya ta ɗauki ƙwarya, ta ji ta sakayau. Ta ɗaga faifai. Ko ɗigo babu, har an kankare gefe.

"Innalillahi! Furar gidan nan ce duka! Na kawo ne ya gani ya taɓa, a mayar wa yara!"

"Ga tsoro, ga ci," in ji Kamalu. "Baffa, wannan za a ba Khaula?"

Baffa ya ɗaga masa hannu. A karo na farko ya dubi Hafizu ido cikin ido.

"Ka ji lokacin da muka fita?"

"Na ji, Baffa."

"Ka san babu kowa a gidan?"

"Na sani."

"Me ya hana ka fita?"

"Kun ce in zauna har ku aiko."

"Ba ka ji tsoro ba ke nan? An ce mini kai matsoraci ne."

Hafizu ya sunkuyar da kai. Da zai iya cewa bai ji ba, kuma da an yarda. Sai ya miƙa hannayensa gaba, suna ta karkarwa.

"Wanda ya faɗa bai yi ƙarya ba, Baffa. Na ji tsoro kamar zan mutu. Ga shi har yanzu bai gama sakina ba, kuma na san gobe ma zai dawo. Furar nan da ita na yi ta lallaɓa shi, a gafarce ni. Tsoron bai tafi ba, ni ne dai ban tafi ba. In Khaula ta kwanta ciwo, haka za ku zo ku same ni, ina rawar jiki a gefenta."

Baffa ya jinjina kai. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi 'yarsa da ke durƙushe da takalmi ɗaya a hannu.

"Ni mantawa na yi da kai," ya ce. "Niyyata in bar ka gwargwadon shan ruwa." Ya shafa gemu. "Ka gaya wa manyanka su zo. Amma su ci abinci a gida kafin su taso."

Goggo Adama ta rangaɗa guɗa, ƙwarya a hammata. Kamalu ya juya ya fita wanke taɓonsa, kuma ni dai na tausaya masa, don shi ma ya yi aiki ranar.

Bayan an yi sallah Hafizu ya fito wajen keke, Khaula ta rako shi. Ya zauna, ya kama kan keken, ya dubi hanyar Gaya. Gero ya yi tsayi dama da hagu, babu ko mai tallan goro. Ya waiga ya dubi kujerar baya.

"Khaula," ya ce ƙasa-ƙasa, "cikin 'yan'uwanku babu mai zuwa Gaya? Kyauta ne."

"Hafizu! Yanzu fa ka gama ba mutane mamaki!"

"Na yau na yi shi. Ke kika ce a hankali."

Ba ta kai ga amsawa ba sai ga Baffa ya fito daga zaure, da malafa da sanda. Ashe yana jin su. Dattijon da bai taɓa zama inuwa ɗaya da mai neman 'yarsa ba ya tattare riga, ya hau bayan keke, ya kawar da kai yana kallon gonaki.

"Kanwar shanu zan saya a Gaya," ya ce.

Khaula ta buɗe baki za ta tuna masa buhun kanwar da ke jingine a ɗakinsa ko farke shi ba a yi ba. Sai ta rufe bakinta da hijabi.

Hafizu ya tayar da keke. Ya rasa abin da zai ce wa surukinsa, ya fara kame-kamen gaisuwa.

"Tuƙa, yaro," in ji Baffa, bai juyo ba. "Ba sai ka yi mini magana ba. Ina nan."